Laftof mai i7 ko desktof mai i5, wanne zai fi ja min aikin bidiyo?

Mai_Kyamara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kwamfuta a taimaka min da shawara kafin in zuba kuɗina. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walima, duk a waya nake haɗawa amma yanzu aiki ya yi yawa wayar ta fara gazawa. Na shiga kasuwa na ga kaya biyu na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko laftof ce mai Core i7-7500U, na biyu desktof mai Core i5-8400, duka RAM 8GB da SSD, sai dai shi desktof ɗin sai na nemi monita daban. Mai shago ya ce kowa ya san i7 gaba take da i5, abokina kuma ya rantse desktof ɗin zai bar ta a baya nesa ba kusa ba. Ni kaina ya ɗaure wallahi, ta ya 5 za ta fi 7? Kuma na duba gudunsu ɗaya 2.7GHz ɗaya 2.8GHz, ai babu wani nisa.

Injiniya_KD:
Wa alaikumus salam Malam. Abokinka ne da gaskiya, kuma tazarar ba kaɗan ba ce.

Wannan i7 da i5 da ake rubutawa a sitika ba ya gaya maka komai sai in furosesan (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) guda biyu 'yan zubi ɗaya ne kuma 'yan aji ɗaya. Abin da za ka duba lambar da ke biye da shi ce da harafin ƙarshe. Ita 7500U zubi na 7 ce, ta 2016, kuma U ɗin nan na nufin an ƙera ta ne don ta riƙa shan wuta kaɗan batir ya daɗe, wat 15 aka yanka mata. Kor, wato ma'aikatan da ke cikin furosesa masu raba aiki a tsakaninsu, biyu kacal gare ta. Shi kuwa 8400 zubi na 8 ne, na 2017, kor shida ne da shi kuma wat 65 aka ba shi. To ka ga gona ɗaya ce, nan ka sa mutum biyu da ba su ƙoshi ba, can ka sa mutum shida da suka ci suka sha, wa zai riga tashi? Kuma aikin fitar da bidiyo yana cikin ayyukan da ake raba wa kor ɗin duka, ba kamar buɗe Word ko shiga intanet ba wanda da ƙyar ma za ka ji bambanci.

Maganar GHz kuma kar ta ruɗe ka. Wanda ka gani gudun tushe ne, in aiki ya taso laftof ɗin tana iya hawa har 3.5, desktof ɗin har 4.0. Amma hawan ba shi ne magana ba, zama a can saman shi ne magana. Ita laftof fankarta 'yar mitsitsiya ce da ɗan bututun tagulla siriri, za ta yi gudu na ɗan lokaci sai zafi ya taru ko ta kai iyakar wutar da aka yanka mata, sai ta sauko da kanta don kar ta ƙone, galibinsu in suka doshi digiri 100 dole su ja birki. Desktof kuwa ga ƙaton ƙarfe a kan furosesa ga fanka babba ga iska tana zagawa a cikin akwati, zai iya riƙe gudunsa har bidiyon kamu da na ɗaurin aure da na dina su fita gaba ɗaya.

Wani abu kuma, Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 take farawa, ita 7500U ba ta cikin jerin, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ko don wannan ma ni ba zan sayi zubi na 7 yanzu ba.

Ummu_Haidar:
Injiniya duk abin da ka faɗa haka ne amma ka manta da babban abu ɗaya, wuta. Ni ina aikin zanen katin gayyata da fosta, kuma da desktof na fara. Kana tsakiyar aiki a ɗauke wuta, shi ke nan komai ya mutu, in ba ka yi sebin ba ka koma farko. Furosesa mai ƙarfi da ke a kashe tun safe har magariba me ya amfana maka? Dole ka haɗa da UPS, wato akwatin batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, shi ma 'yan mintoci zai ba ka ka rufe aiki kawai, ko kuma inbata da sola ko ka riƙa ƙona fetur. Cajar irin waɗannan laftof ɗin wat 45 ce ko 65, ƙaramin sola ma ya riƙe ta, shi kuwa desktof da monita in yana aiki sosai ya haura wat 100 cikin sauƙi.

Sannan mai ɗaukar biki ai yawo yake, wani lokacin uwar amarya so take ta ga abin tun a wurin kafin a watse. Ni dai shawarata Malam kar ka ɗauki wannan laftof ɗin, amma kuma kar ka yanke cewa laftof gaba ɗaya ba ta iyawa. Ka ƙara haƙuri ka tara kuɗi ka nemi mai harafin H, irin i7-8750H ko 9750H, su kor shida ne wat 45, sun matso kusa da desktof sosai. Illarsu nauyi da ƙarar fanka, batir ɗinsu kuma ba ya jimawa.

Injiniya_KD:
Hajiya na yarda da batun wuta ɗari bisa ɗari. Abin da zan ƙara kawai, ko mai H ɗin ce in aka zare caja yawancinsu rage gudu suke yi don batir ba zai iya ba da wutar da ake buƙata ba, to in zai fitar da bidiyo ya tabbata tana jone.

Baba_Mai_Gyara:
Bari in sa baki a matsayina na wanda yake buɗe cikinsu kullum. Abin da aka rubuta a takarda na sabuwa ce fil a ɗaki mai sanyi, ku kuma na hannu za ku saya ku yi aiki da ita a zafin watan Afrilu. Laftof da ta shekara da shekaru in na buɗe ta, bakin fankar nan za ka ga ƙura ta dunƙule ta zama kamar auduga ta toshe hanyar iska gaba ɗaya, man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya kuma ya bushe ƙamas yana farfashewa. Irin wannan ko rabin ƙarfinta ba ta bayarwa, mai ita yana ta zagin kwamfuta alhali wanki take so. A share ta a sa sabon mai sai ka ga ta farfaɗo. Kuma don Allah a daina ɗora ta a kan katifa ko filo, ta ƙasa take shan iska.

Desktof shi ma yana shan ƙura musamman lokacin hunturu, amma kusoshi biyu ka kwance ka hure shi an gama. Babban abin da ya sa nake son sa, furosesan laftof a liƙe yake da babban allon cikinta, yadda ka saye ta haka za ka rabu da ita. Na desktof a soket yake, gobe in kuɗi sun zo ka cire 8400 ka sa i7-8700, ka ƙara RAM, ka sa katin girafik mai sarrafa hoto, duk a akwati ɗaya.

Gargaɗi biyu. Waɗannan ƙananan desktof ɗin masu girman littafi da suka cika kasuwa, da yawansu furosesa mai harafin T ne a ciki, wat 35, kamar i5-8500T, kor shida ne amma gudunsa bai kai na cikakken ba, kar a sayar maka da shi a kuɗin babba. Na biyu in ka ga F a ƙarshe kamar 9400F, ba shi da girafik a jikinsa, ba zai nuna hoto ba sai da kati daban.

Mai_Kyamara:
Kai Allah ya saka da alheri, yau na ƙaru. Ina da ɗan sola a shago da batir ɗaya, kuma gaskiya yawancin haɗawar a shago nake yi da daddare, to hankalina ya fi kwanciya da desktof ɗin. Baba tambaya ta ƙarshe, ta ya zan gwada shi a wurin mai shago in tabbatar ba T ɗin ba ne kuma lafiyarsa ƙalau? Kuma RAM 8 ɗin za ta isa?

Baba_Mai_Gyara:
Kar ka yarda da sitika ɗana, ana liƙa ta a ko'ina. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance za ka ga cikakken sunan furosesa da yawan kor ɗinsa. Ka tafi da filashi ka saka manhajar HWiNFO mai nuna zafi da gudu da Cinebench mai gwada ƙarfin furosesa a ciki, ka kunna gwajin Cinebench na minti 10 kana kallon zafi da gudu, in ka ga zafin ya haye digiri 90 ko gudun yana ta faɗuwa to akwai gyara a gaba, a rage maka kuɗi ko a canza maka wani. Ka tafi da bidiyon biki ɗaya naka ma ka fitar a gabansa in ya bari. RAM kuwa 8 za ta matse ka, ka mayar da ita 16, kuma sanda biyu na 8 za ka sa ba ɗaya mai 16 ba, girafik ɗin da ke jikin furosesa ya fi sakewa da haka. In ka je ka ɗauko hoton bayan akwatin ka turo nan in ga irin ramin monita da yake da shi kafin ka sayi wayar haɗa shi da monita.