Neman shawara kan buɗin wasan ces a gasar ƙungiyoyi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana wasan ces. Ni ne mai riƙe allo na uku (wato ɗan wasa na uku a jeri) a ƙungiyarmu ta nan birnin Kano, kuma saura wata biyu mu shiga gasar ƙungiyoyi, inda mutum huɗu ke karawa da mutum huɗu.

Idan ya faɗo mini in yi wasa da baƙaƙen 'ya'yan ces, nakan buɗe da tsarin Najdof na kariyar Sisiliya, wato in fara da tura soja zuwa gidan c5 (harafi da lamba sunan gida ne a kan allo), sannan wani sojan zuwa a6 a taku na biyar. Matsalata ita ce idan abokin karawa ya ɗora bishof a e3, ya tura soja zuwa f3, ya ajiye sarauniya a d2, ya ɓoye sarkinsa a ɓangaren sarauniya, sai ya antayo sojojinsa ta g4 da h4, kafin nawa harin ta b5 ya kankama an riga an yi wa sarkina ƙawanya. Sau uku ke nan a jere.

Kyaftin ɗinmu yana ganin canjaras da baƙi ya wadatar da ƙungiya, don haka in koma wani buɗin da ake kira kariyar Karo-Kan, wato farawa da tura soja zuwa c6. Ni kuwa ina tsoron sabon buɗi a ƙurarren lokaci. Shin in canza, ko kuwa akwai jerin takun da zai gaggauta harina?