Kuɗin ƙarfe: kuskuren wajen bugawa ne, ko wahalar duniya ce ta same shi?

Ɗan Hindawiyya, Makka: Salamu alaikum. Jiya mai bagalar (kantin) layinmu ya ba ni fakka, wato canji, a ciki har da riyal ɗaya na ƙarfe, irin na Sarki Salman da aka fitar a ƙarshen 2016. Bakinsa ya yi kauri kamar na faranti, rubutun ya dushe. Ɗan ƙanwata ya rantse daga wajen bugawa aka yi kuskure, wai masu tara kuɗi za su saya da tsada. Wa ya taɓa gamuwa da irinsa?

Abu Yasir, Jidda: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sa rai. Shekara tara na yi ina aiki a gidan wanki. Kuɗin da ya maƙale a injin busar da kaya, ya yi wata da watanni yana wulwulawa, haka yake fitowa: baki ya kumbura, faɗi ya ragu, fuska ta yi sumul. Gwangwanin madara muka cika da su. Ɗora shi kan wani riyal ka gani.

Baba Maƙeri, Madina: Yarana, ku saurara. Kuɗi hatimi biyu ne ke matse shi, sama da ƙasa, bugu ɗaya. In hatimin ya tsage, ƙarfe zai shige cikin tsagar, sai ka ga layi ya taso a fuskar kuɗin kamar jijiya, farce yana tuntuɓe da shi. Wannan daga can yake. Amma in layin rami ne, gefensa ya ture ƙarfe kamar kunya a gona, cikinsa yana ƙyalli alhali sauran jikin ya yi duhu, to wuƙa ce ko ƙusa. Haka wanda gefensa ya gutsure: in tun kafin bugu aka yanke shi, rubutun kusa da wurin zai tafi yana laushi, bakin da ke can ɗaya gefen yana fuskantarsa ma ba ya cika. Na almakashi kuwa kaifi gare shi. Ni kullum sai na ɗora a sikeli tukuna. Ƙaramin riyal ɗin azurfa na Sarki Abdul'aziz giram 11.6 ne da ɗan ɗoriya. Sau nawa ake kawo mini mai ɗan ƙulli a baki, ana murna, alhali tabon walda ne, kakar wani ta sa masa kunne ta rataya a wuya.

Sani Karantina: Ni fa a haraj, kasuwar gwanjo, aka ci ni. Riyal 150 na biya kan halala 50 (rabin riyal) mai rubutu biyu, ɗaya kan ɗaya. Sai a gida na lura na biyun a juye yake, kuma a nutse. Ashe kuɗi biyu aka haɗa aka danna da guduma. Har yau matata tana min dariya.

Ummu Hanan, Makka: Allah Ya mayar da alheri, Yaya Sani. A gwangwanin marigayi Babanmu akwai ƙirshi, tsohon kuɗin ƙarfe, mai lamba ٦٥ (65) a dake a tsakiya. Na zaci ɓarnar yara ce, na kusa zubarwa. Ashe hukuma ce ta buga wannan lamba a 1365 Hijiriyya. Shi ba kuskure ba, ba kuma ɓarna ba.

Baba Maƙeri: Ki riƙe shi, 'yata, kuma don Allah kada ki goge shi da lemun tsami ko toka. Gogewa ke kashe masa daraja. Ki duba ko akwai halala 25 ta 1392, zamanin Sarki Faisal. Iri biyu ce, domin an yi tuntuɓen nahawu wajen rubuta adadin, daga baya aka gyara.

Ɗan Hindawiyya: Abu Yasir, na ɗora. Ya fi ɗan'uwansa ƙanƙanta, har ana hango bakin na ƙasa. Na kai wa mai gurasar tamis da safe, ya jujjuya shi, ya harare ni, sannan ya karɓa.