Wane firosesa ne a laftof ɗinka, ya kuma ka ji da shi a zafin Zariya?

Malamin makaranta, Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Laftof ɗina ta tsufa, fankarta kuka take kamar injin markaɗe, in aka ɗauke wuta kuma batirin ko rabin awa ba ya yi. Na leƙa kasuwa in canza, mai shago ya jero min firosesa kala-kala, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta: Intel, AMD, Apple, har da wani wai shi Snapdragon. A da dai Core i5 ko i7 kawai za ka ce a miƙo maka. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu ya faɗa mana abin da ya gani.

Ɗaliba, Samaru:
Wa alaikumus salam Malam. MacBook Air mai M1 ce a hannuna, tokumbo, yayana ya bar min. Ba ta da fanka sam, shiru kake ji. In na cika ta da safe, har bayan isha'i ina karatu ban nemi soket ba. Tun 2020 Apple ta fara barin Intel ta koma firosesanta, mai tsarin ARM irin na waya, shi ya sa ba ta shan wuta. Sai dai ba a ƙara mata RAM, yadda ka saya haka za ka zauna. Ƙawata mai karatun zanen gine-gine ko kallonta ba ta yi, don Revit, manhajar da suke zane da ita, a kan Windows yake tafiya.

Mai gyara, PZ:
Malam, ka saurare ni da kyau. Da can in ka ce wa mai saye AMD ce sai ya ja baya, wai zafi. Tun da suka fito da Ryzen a 2017 labari ya fara canzawa, Ryzen 4000 na 2020 kuwa ya sa Intel ta farka daga barci. Amma wannan kokawar tasu sai ta shekara uku ko huɗu take isowa teburina, lokacin da ofisoshin Turai da Amurka suka sauke tsofaffin injinansu aka loda mana.

Ga abin da ya fi damuna yanzu. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel ƙarni na 8 take farawa. Za ka ga i7 fes, jiki ba ƙwarzane, farashi da sauƙi, ashe ƙarni na 6 ce. Ka duba lambar da ke bayan i5 ɗin: 8250U ƙarni na 8 ke nan, 6200U na 6.

Kukan fanka kuwa, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe hanyar iska. Jiya na buɗe wata, abin da na ciro kamar audugar katifa.

Mai shagon buga takardu, Kongo:
Ni Snapdragon X ɗin na riƙe kwana biyu, ta ƙanena ce da ya zo hutu. Kamfanin Qualcomm ne ya shigo da su a 2024, su ma tsarin ARM ne. Batiri kam sai hamdala, Word da burauza suna gudu lafiya. Ban saya ba dai, don firintocina tsofaffi ne, kuma injin ARM sai da direban da aka yi dominsa, wato manhajar da ke haɗa shi da firinta. Ni kuwa firinta ce abincina.

Abin dariyar, Apple da AMD da Qualcomm duk kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera musu, har Intel ta kai musu firosesanta Lunar Lake a 2024. A kasuwa ana dambe, tuwo kuwa tukunya ɗaya.

Malamin makaranta, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Oga mai gyara, yanzu na juya tawa na duba, 7200U aka rubuta. Gobe bayan la'asar zan kawo ta ka fara busa mata ƙurar tukuna. In akwai Ryzen 5 mai lafiyayyen batiri a ajiye min in gani.