Littafi ya hana ni barci, amma da na gama sai na ji kamar an cuce ni: ni kaɗai ce?

Maman Haidar, Tudun Wada:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu karatu. Ni malamar makarantar sakandare ce a nan Zariya, kuma tun ina 'yar aji uku nake karanta littattafan Hausa, daga waɗanda muke karɓowa haya a shagon unguwa har zuwa waɗanda ake turo mana a waya yanzu. A hutun da ya wuce na karanta littattafai uku da ake ta yayinsu: ɗaya na yaƙi da aljanu, ɗaya na soyayya, ɗaya kuma na rayuwar yau da kullum, wanda ya taɓo maganar masu garkuwa da mutane da shaye-shayen matasa. Ba zan ambaci sunayensu ba, domin ba rigima na zo nema da marubutansu ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne duk ukun sun riƙe ni sosai. Na yaƙin ya sa tuwona ya kama a tukunya, na soyayyar kuwa sai da na kai ƙarfe biyu na dare ina lallaɓa sauran cajin wayata. Amma kowanne da na kai ƙarshensa sai na ji kamar wadda ta wuni tana shan rake, baki ya ji zaƙi, ciki kuwa wayam.

A na yaƙin, marubucin ya ɓata shafuka masu yawa yana nuna mana cewa babu mahaluƙin da ya taɓa fita daga kurkukun wani matsafi, ya jefa jaruminsa a ciki har na fara tausaya masa, sai kawai jarumin ya tuna da wani zobe da wata tsohuwa ta taɓa ba shi, alhali ba a taɓa ambatar zoben ko tsohuwar ba tun farkon littafin. A na soyayyar, yarinya ce 'yar talaka da wani ɗan masu kuɗi miskili, wanda ya wulaƙanta ta, ya mare ta a gaban ma'aikatan gidansu, aka ɗaura musu auren da ba ya so, daga baya ya dawo yana kuka a kanta, suka tafi Dubai, duk waɗanda suka zalunce ta kuma wannan ya haukace, wancan ya yi haɗarin mota. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin marin da wulaƙancin an mayar da su tamkar ƙofar da so yake shigowa ta cikinta, ga shi kuwa na san ɗalibaina mata suna karanta irinsa. Na ukun ya fi su kyan Hausa, maganar tasha da ta layin asibiti duk ya kawo su yadda suke, sai dai bala'i ne a kan bala'i, har zuciyata ta gaji ta daina jin tausayin kowa.

Tambayata ita ce, shin littattafan ne suka gaza, ko kuwa ni ce shekaru suka sauya wa ɗanɗano? Kuma ya dace mutum ya kwana a kan littafi don daɗi, gari ya waye ya ce littafin bai yi ba?

Baba Mai Littattafai, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na daɗe ina sayar da littattafai kafin ƙafa ta zaunar da ni a gida, saboda haka bari in ce wani abu.

Da farko, aljanu da soyayya ba baƙi ba ne a rubutunmu, kuma a garin nan aka yanke musu cibiya. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da littattafai biyar ɗin da kowane ɗalibin Hausa ya sani. A cikinsu Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙin Turawa ya ƙarasa a duniyar aljanu, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yawon neman ruwan magani ne mai cike da abubuwan al'ajabi, Jiki Magayi kuwa labarin saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa ne. Kin ga ke nan duk abin da kika karanta a hutunki yana da kaka. Ko aron labari daga waje ba sabon abu ba ne, domin da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa aka ɗebo su, amma Imam ya dafa su a tukunyar gida har ba mai jin ƙanshin baƙunta.

Bambancin da nake gani shi ne, a waɗancan littattafai ba a samun abu a banza. A Jiki Magayi kuɗi sun yi nasarar ɗauke yarinya, amma sauran littafin gaba ɗaya bayanin abin da wannan nasara ta jawo wa kowa ne, har da wanda ya tashi ɗaukar fansa. Dalili kuwa shi ne akwai mai dubawa. Rubutu yakan bi ta hannun edita, ya mayar wa marubuci ya ce nan ka yi tsalle, nan ka manta abin da ka faɗa a baya. Haka aka ci gaba a Kamfanin Gaskiya da ke nan Zariya tun daga 1945, har zuwa kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, da aka kafa a 1966.

Sai dai ba zan yi miki irin maganar tsofaffi ta cewa komai na da ya fi na yanzu ba. Wancan tsari ƙofarsa ƙunci gare ta, littattafan makaranta ya fi nema, kuma muryar mace ba ta fito sosai a ƙagaggen labari ba sai a 1980, da aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Da marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a tsakiyar shekarun 1980, abin da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, sai mata suka samu bakin faɗin abin da ke cin su game da auren dole da kishi da saki. An zage su ƙwarai, har ƙona wasu littattafan aka yi a Kano a 2007, amma ni da nake zaune a shago na san cewa wasu daga cikin masu zagin da rana su ne masu aiko yara da magariba a saya musu kashi na biyu. Don haka kada ki ji kunyar jin daɗin da kika yi. Wanda ya iya hana malamar makaranta barci ya iya rabin aikin, ragowar rabin ne bai samu mai tsare shi ya yi ba.

Ummu Sultana, Samaru:

Anti Maman Haidar, ni ina cikin waɗanda kike magana a kansu, domin ina rubutu a waya, kuma ban ji haushin maganarki ba. Baba ya faɗi gaskiya game da edita, amma ina so ku san yadda aikin yake a wajenmu kafin a yanke mana hukunci.

Yawancinmu ba ma gama littafi kafin mu fitar da shi. Mukan saki shafukan farko kyauta a zaurukan WhatsApp ko a Wattpad, manhajar da ake rubutawa da karanta labarai a cikinta, idan labari ya kama mutane sai mu ce mai son ci gaba ya biya a saka shi a zaure na musamman. Daga ranar da aka biya ki kuɗi kin zama mai bashi a wuya, kullum sai kin tura sabon shafi, ko da wuta ko babu, ko yaro na da lafiya ko ba shi da ita, kuma da babban yatsa ake bugawa a kan waya. Idan kika yi kwana biyu shiru, sai ƙorafi ya cika zauren. To, a irin wannan hali, idan na jefa jarumina cikin rami a shafi na sittin na rasa yadda zan fito da shi, ba ni da damar komawa shafi na biyar in dasa zoben da zai cece shi, saboda shafi na biyar ya riga ya shiga wayoyin mutane tun watanni biyu da suka wuce. Wannan shi ne asalin zoben da ya ba ki haushi. Haka kuma bala'in da kika ce ya yi yawa a littafi na uku, kowane shafi dole ya ƙare da abin da zai sa a dawo gobe, kuma babu abin da ya fi mutuwa ko sata ko tonon asiri saurin yin wannan aiki.

Ga kuma masu karatu da suke tuƙa labarin tare da mu. Suna rubuto sharhi kullum, a kashe wance, kada a bar wane ya auri wance, kuma marubuciyar da ta toshe kunnenta za ta ga zaurenta yana raguwa. Na taɓa rubuta labarin da mijin malamin firamare ne mai tsohon babur, mutumin kirki wanda bai taɓa ɗaga wa matarsa murya ba, na zuba duk iyawata a ciki, amma shi ne littafina da ya fi kowanne ƙarancin masu biya. Wata ta rubuto mini cewa talaucin da take gani a gidanta ya ishe ta, ba za ta sayi data don ta sake ganinsa a waya ba. Ban iya ba ta amsa ba. Wannan ba ya cikin maganar waɗanda suke kwashe shafukan da aka biya su watsa kyauta, ko masu karanta littafin mutum a YouTube ba tare da sun nemi izininsa ba.

Maganar mari kuwa, a nan ba zan kare mu ba. Ana iya rubuta miji mai kuɗi da girman kai ba tare da an koya wa yarinya cewa wanda ya wulaƙanta ta shi ne zai fi son ta ba, kuma ni kaina na yi wannan kuskure a littafina na farko. Abin da ya fara gyara mini hannu shi ne gwada shiga gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata a 2016. Ban kai ko'ina ba, amma da yake an ƙayyade yawan kalmomi, a nan na fara sanin cewa ana iya goge shafi guda labari ya ƙara kyau.

Ɗan Kufena, Kongo:

Malama, ni ɗalibi ne, kuma littattafan yaƙi da aljanu su ne abincina, don haka a kansu kaɗai zan tsaya. Na fahimci uzurin Anti Ummu Sultana, amma ban yarda cewa rashin edita ne kaɗai ya kawo zoben nan ba, domin kakanninmu da suke ba mu tatsuniya a tsakar gida ba su da edita, kuma ba sa yin wannan kuskure. A tatsuniyar Ta-kitse tun farko ake gaya maka sharaɗin, cewa yarinyar nan ta kitse ce, zafi zai narkar da ita, sai ka zauna cikin fargabar ranar da za a tilasta mata abin da aka hana. A tatsuniyar yarinyar da ta taimaki tsohuwa a bakin rafi, kana ganin aikin da ta yi kafin ka ga ladan da ta samu, kuma 'yar kishiyar uwarta da ta bi hanyar da rashin kunya ta kwaso akasin haka. Sihiri yana da ƙa'ida, kuma yana da farashi. Marubucin da ya zauna ya tsara dokokin duniyarsa a takarda ɗaya kafin ya saki shafin farko ba zai buƙaci zoben gaggawa ba, ko da kullum yake turawa.

Ƙorafina na biyu shi ne wurin da ake kai mu. Kusan duk wanda na ɗauka sai in tarar da birnin Misra ko Sin ko Bagadaza, da sarakuna masu sunayen da harshe ba ya iya riƙewa, alhali ga ganuwar Zazzau da ƙofofinta, ga dutsen Kufena, ga kufan Turunku, ga labaran yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina da aka gada a baki, ga rijiyar Kusugu a Daura da macijinta. Duk lokacin da na bi ta Ƙofar Doka nakan yi tunanin irin labarin da za a iya ginawa a kan masu tsaron ƙofa ɗaya kawai a daren da aka kawo hari.

Maman Haidar, Tudun Wada:

Na gode muku duka. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ka sauke mini nauyin kunyar da nake ji. Ƙanwata Ummu Sultana, ban taɓa tunanin cewa shafin da ya fita ba ya gyaruwa ba, kuma yanzu na gane inda zoben ya fito, ko da yake ina tare da Ɗan Kufena cewa takarda ɗaya ta tsari kafin a fara za ta rage yawan irinsa. Maganar matar da ta ce talaucin gidanta ya ishe ta ta tsaya mini a rai, domin ni ma ba don neman darasi na kai ƙarfe biyu na dare ba. Amma har yanzu ban sauka daga kan maganar marin ba, kuma idan aka koma makaranta zan karanta wa 'yan aji biyar wannan wurin ba tare da sunan littafin ba, in tambaye su abin da za su ce wa ƙawarsu idan ita aka yi wa haka. Ki taimaka ki turo mini bayanin yadda zan biya in samu labarin malamin nan mai babur, ina so in karanta shi kafin hutu ya ƙare.