Abin da masu zuba jari ke cewa kan hannun jarin kamfanin magunguna masu rahusa

Muhawarar masu zuba jari kan sayen hannun jarin kamfanonin magunguna masu rahusa ta yi zafi, amma akasarin masu magana sun haɗu a wuri ɗaya: kada yawan ciniki ya ruɗe ka. Kamfanin da ke sarrafa magani bayan wa'adin mallakar mai asalinsa ya ƙare, ribarsa siririya ce. Da zarar kamfanoni biyar ko shida sun shigo da irin ƙwayar, farashi sai ya faɗi warwas. Shi ya sa suka ce a duba magungunan da kamfanin ke kan gaba wajen neman izinin sayar da su, domin a Amurka dokar 1984 tana ba wanda ya fara ƙalubalantar mallakar kwana 180 yana sayarwa kafin a ba sauran kamfanonin masu rahusa izini. Nan kitsen yake.

Bashi ma sun ja kunne a kansa. Teva, kamfanin magunguna na Isra'ila, ya sayi Actavis, sashen magunguna masu rahusa na kamfanin Allergan, a 2016 kan kusan dala biliyan 40, zuwa ƙarshen 2017 nauyin bashi ya sa ya dakatar da rabon riba.

Wasu na ganin makoma tana ga magungunan allura masu wuyar haɗawa, irin waɗanda kamfanin Sandoz na Switzerland ya dogara a kansu. Ni ma na fi karkata nan, muddin FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ba ta tsayar da masana'antar kamfanin da ke haɗa su ba.