Wata 5 da karɓar tirela, kewar gida da gajiya sun yi mini yawa

Sabon Direba daga Dawanau:

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan sana'a.

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, don ba irin wadda ake yi a gareji ba ce. Shekara 4 na yi ina karen mota, tun daga wanki da ɗaure tamfol har maigidana ya fara sakar mini sitiyari a inda hanya ta miƙe. Yau wata 5 ke nan da aka damƙa mini makullin wata tirela ƙirar DAF. Riɗi da zoɓo muke ɗauka daga kasuwar Dawanau zuwa Legas, mu dawo da abin da Allah ya hore daga tashar jirgin ruwa ta Apapa. Ranar da na karɓi makullin nan har sadakar waina mahaifiyata ta yi.

Saboda halin da hanyar Birnin Gwari take ciki, ta Suleja muke bi, mu faɗa Lambata, Lapai, Agaie, Bida, Mokwa, mu haye gadar Jebba zuwa Ilori, sai Ogbomosho da Oyo da Ibadan. Wanda bai sani ba zai ce tafiyar kwana 2 ko 3 ce. Ni kuwa tsakanin Lambata da Bida kaɗai na taɓa kwana 2 a layi, wata tanka ta faɗi ta tare hanya. In ka isa Legas kuma sai jiran saukewa, sai jiran lodi. Zuwa ɗaya yakan cinye mako 2, wani lokaci 3.

Matata ta haihu ina layin shiga tashar jirgin ruwa. Haihuwar fari ce. A waya na ji kukan yarinyar, ƙanen mahaifina ne ya yi mata huɗuba. Na yi ta lissafin zan riski suna, sai giyar motar ta ba ni matsala a Ogere, tsakanin Legas da Ibadan, ranar suna ina ƙarƙashin mota tare da bakanike, hannuna duk baƙin mai, aka turo mini hoton rago. Sai da ta kwana 19 a duniya na ɗauke ta. Kwana 2 na yi a gida aka kira ni an samu lodi.

Tun daga nan na kasa gane kaina. In na shimfiɗa tabarma barci ya ƙi zuwa, in na kama sitiyari kuma shi ne abin da yake fara sallama. Abinci ba ya yi mini daɗi. Yaron motata ba ya laifin komai amma kullum cikin yi masa tsawa nake, alhali na san zafin abin, an yi mini. Abin da ya fi damuna, sai in ga kiran matata ina kallon wayar har ta katse, don ban san me zan ce mata ba in ta tambaye ni yaushe zan dawo.

Makon jiya, bayan mun wuce Mokwa wajen ƙarfe 3 na dare, ihun yarona kawai na ji. Tayoyin dama sun riga sun sauka daga kwalta. Wallahi idona biyu a nawa sanin, amma ban iya tuna komai na tafiyar da muka yi kafin nan ba. Na samu wuri na tsaya, ƙafata tana rawa har ta kasa riƙe birki. Da na ba wani abokina labari sai ya miƙo mini tiramol, ya ce kowa da ita yake tsallake dare. Ban sha ba, amma tana nan a aljihun ƙofa, ban kuma jefar ba.

Don Allah waɗanda suka riga mu, wannan abu yana wucewa ne, ko alama ce aikin ba nawa ba ne? In na mayar da makulli, da wane ido zan kalli mahaifiyata? In kuma hutu zan nema, ta yaya ake faɗa wa mai mota ba tare da ya ba wani ba?

Baba Mai Tanka, Mararrabar Jos:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya raya abin da aka samu, ya sa mai albarka ce. Jikana ne ya karanta mini saƙonka, shi ne kuma yake rubuta wannan.

Kafin komai, tashi yanzu ka fitar da ƙwayar nan daga motar. Abin da yake kusa da hannu, daren da ka fi gajiya za ka ɗauka.

Shekara 31 na yi ina jan tanka. Abin da ya same ka bayan Mokwa mun san shi, barci ne da ido buɗe, kuma barci ɓarawo ne, ba ya sallama sau biyu. Goro da shayi mai kauri da wanke fuska duk aron lokaci ne kaɗan. Maganin barci barci ne. Daga ƙarfe 2 na dare zuwa asuba, in dai ba wurin da tsayuwa ta fi tafiya hatsari kake ba, ka nemi inda 'yan uwa suka yi fakin ka kwanta. Tsara tafiyarka tun daga Kano yadda wannan lokacin zai same ka a Tafa ko Bida ko Jebba, kada ya same ka a tsakiyar daji. Jami'an kiyaye haɗurra suna ta nanata a huta bayan kowace awa 4, mu kuma muna da abin da ya fi agogo: salla. Ka tsaya, ka yi alwala, ka yi ƙasarunka raka'a biyu, ka zagaya motar kana bubbuga taya. Jikinka ya miƙe, motar ma ta sha iska.

Ka ce ka shekara 4 a hanya, me ya sa sai yanzu? Don karen mota jikinsa ne yake gajiya, direba kuwa kansa ne. Da can in taya ta fashe maigidanka ne yake lissafi, in an tsayar da ku a shinge shi ne yake magana, kai kana iya yin gyangyaɗinka. Yanzu dukiyar mutane tana wuyanka, ran yaro yana wuyanka, ga iyali. Shekarar farko kowa ya sha ta. Nawa maigidan, Allah ya jiƙansa, sai da ya yi mini rakiya sau 3 bayan ya ba ni mota. Yanzu an daina wannan, sai a miƙa wa yaro makulli a ce Allah ya kiyaye hanya, kuma a ganina kuskure ne babba.

Maganar mai mota: kada ka je masa da zancen kewa, ba zai ji ba. Je masa da zancen motarsa. Ka faɗa masa gaskiya cewa tayarka ta sauka daga kwalta da kayan mutane a bodi, kuma kana son bayan kowane zuwa 2 motar ta kwana 4 a gareji, a yi mata juyen mai, a duba birki, kai ma ka huta. Ya san kuɗin kan DAF, ya san kuɗin riɗi tirela guda. Kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki maigidanka da ya koya maka, ko wani dattijo daga ƙungiyar direbobi. In duk da haka ya ƙi, ka fara neman wata motar a hankali. Barin mai mota daban, barin sana'a daban.

Abu ɗaya zan faɗa maka wanda har yau yake ci mini rai. Babban ɗana yana shekara 3, na dawo daga Fatakwal na miƙa masa hannu, ya ruga ya ɓuya a bayan uwarsa yana kuka. Na yi dariya a gaban mutane, na shiga ɗaki na kasa cin tuwo. Lokacin babu waya. Kai kana da ita a aljihu, kana kallonta tana katsewa.

Mai Neman Mota, Gusau:

Malam ka gode wa Allah. Mu nan shekara 6 muna bin mota ba a ba mu ko ta kwana ɗaya ba. Tun da dizal ya yi tsada masu motoci da yawa sun ajiye nasu, direbobi suna zaune a tasha. Namiji ba ya kukan gida. Ka daure kawai, kowa haka ya yi.

Maman Yara, Zariya:

Mai Neman Mota, Allah ya ba ka taka motar, amma bawan Allahn nan bai ce bai gode ba. Cewa ya yi ya kusa kashe kansa da ɗan mutane. Irin wannan "ka daure" ɗin ce take sa maza yin shiru har a kawo mana su a makara.

Ƙanena, ni matar direban tirela ce shekara 14, bari in faɗa maka yadda abin yake daga ɓangarenmu. Duk kiran da ba ka ɗauka ba, matarka ba ta cewa ya gaji. Abu biyu ne suke zuwa mata: ko hatsari, ko ka daina sonta. Ga ta da ɗanyen jego, haihuwar fari, ga rashin barci. Ba ranar dawowa take nema a bakinka ba, ta san ba a hannunka take ba. Muryarka take son ji. Ka ce mata "ban sani ba tukuna, ina Ogere, na ci shinkafa da wake, bayana yana ciwo." Wallahi wannan ya ishe ta kwana.

Mu abin da ya zaunar da mu, mun tsayar da lokaci ɗaya, bayan sallar isha'i. In babu sabis, yana isa inda akwai zai turo saƙon murya ta WhatsApp, ko na minti ɗaya ne. Ni kuma ina ɗaukar masa surutun yara, da karatun allonsu, har faɗansu. Yarinyarka ba ta san komai ba yanzu, amma a riƙa sa mata wayar a kunne. Autarmu da murya ta fara sanin babanta, ranar da ya dawo yana yin sallama ta juya.

Kuma ka bar ta ta haɗa maka guzuri. Yaji, garin kunu, dambun nama, kuka da daddawa. Kada ka ce wahala ce, mu hakan yana sa mu ji muna cikin tafiyar. In ka dawo kuma, don Allah kwanan farko na gida ne. Majalisa da gareji ba inda za su.

Labarin Mokwa, ka faɗa mata da bakinka in ka dawo, ba a waya ba. Yaron motarka zai faɗa wa wani, wani ya faɗa wa wata, gara ta ji daga gare ka.

Direban Kamiyo, Maraɗi:

Salamu alaikum ɗan uwa, gaisuwa daga Nijar. Mu da can Kwatano muke zuwa, mu biyo ta Parakou da Malanville mu haye gada zuwa Gaya, sai Doso, sai gida. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, aiki ya koma Lome, ta cikin Burkina, ana jiran rakiyar soja kafin a bi ta Kaya da Dori zuwa Tera. Na taɓa yin sama da wata 2 ban ga iyalina ba, kuma mafi yawansa zaman jira ne.

Abin da na lura, zaman jira ya fi tuƙi cin mutum. In ka kulle kanka a kan mota kana kallon waya, tunani sai ya yi maka yawa. Mu sai muka haɗa tukunya, mota 5, kowa da ranar girkinsa, mu yi jam'i tare, mu dafa shayi. A nan ne wani dattijo ya fara cewa yana kewar jikarsa, sai ga shi kowa yana da abin faɗa. Kai ma a Ogere ko Apapa ba za ka rasa mutanenka ba. Kuma ka jawo aparantinka, wato yaron motarka, jiki, ku ci a kwano ɗaya. Shi ne ya tashe ka a daren nan.

Ma'aikacin Lafiya, Kaduna:

Ina goyon bayan Baba a kan ƙwayar nan. Tiramol maganin ciwo ne mai sa jiki ya saba da shi. Wanda ake bayarwa a asibiti mai miligiram 50 ne ko 100, na bakin tasha kuwa sau da yawa mai 225 ne, wanda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA take kamawa. Yana ɓoye gajiya ne kawai, yana rage saurin hankali, kuma mai yawa yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka auna hakan a kan sitiyari.

Rashin barci, rashin jin daɗin abinci, saurin fushi da gudun mutanen da kake so, in sun wuce mako 2 a jere ko bayan ka samu hutu, ka je asibiti ka faɗa wa likita kamar yadda ka faɗa mana. Ana magance shi. A duba maka hawan jini da suga a lokaci guda, don zaman mota yana kawo su da wuri.

Sabon Direba daga Dawanau:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na jefa ta a kwata a Ibadan, yarona yana kallo. Na kuma ba shi haƙuri a kan tsawar da nake yi masa, sai ya ce shi ma tun daren nan ba ya iya runtsawa in ina tuƙi. Ashe mu biyu ne ba ma barci.

Yaya Maman Yara, na kira ta jiya bayan isha'i. Ta yi kuka, ni ma na yi. Ta ce yarinyar ta fara murmushi.

Na yi waya da maigidana na da, ya ce in na shigo Kano zai raka ni wurin mai motar ranar Asabar. Gabana yana faɗuwa, don mutum ne mai zafi. Yanzu muna Jebba, mun yi fakin tun ƙarfe 11, sai bayan asuba za mu tashi in sha Allahu. Baba, in ya ce kwana 2 kawai zai bayar maimakon 4, in karɓa ko in tsaya a kan maganata?