Shawarwarin masana dabbobin dawa kan 'ya'yan zaki

Masanan sun fi nanata cewa kada a harbi namijin da ke riƙe da garke. Da ya faɗi, baƙin maza sukan karɓe wurin, su kashe 'ya'yan da ba su yi shekara ba, don zakanya ta sake neman barbara cikin makonni maimakon jiran kusan shekara 2. A dajin Sarangeti na ƙasar Tanzaniya, wannan kan jawo kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutuwar ƙanana.

Mata in suna da yawa sukan taru su yi faɗa da baƙin mazan. Guda ɗaya kuwa sai gudu da manyan 'ya'ya.

Wanda ya tsinci jinjirin zaki cikin duhuwa a dajin Kainji, ya bar shi. Uwar ce ta ɓoye shi, takan yi hakan har mako 6 zuwa 8, kuma tana kusa.